Pasadena, Garin Akushin Wardi

A can yammacin ƙasar Amurka, cikin jihar Kalifoniya, akwai wani gari da a ke kira Pasadena. Yana arewa maso gabas da babban birnin nan Los Anjeles, tsakaninsu bai kai kilomita 20 ba. Garin ba shi da girma ainun, gama ƙidayar 2020 ta nuna mutanensa ba su cika 140,000 ba. Amma kowace sabuwar shekara idon ƙasar duka yakan koma kansa saboda abu biyu. Da safe akan yi jerin gwano na furanni, da rana kuwa ɗaliban jami'a biyu su kara a filin ƙwallo. A wannan wata muna so mu kai masu karatu can, mu ba su labarin garin, da na ƙungiyoyi biyu da muka iske suna shirin karawa, da yadda jama'a suka yi ta auna su tun ba a busa usur ba.

Mun sauka garin a makon ƙarshe na Disamba 2023. Masaukinmu gidan wani dattijo ne, tsohon malamin makaranta, wanda ya yi shekaru masu yawa yana koya wa yara wannan wasa kafin ya huta. Wanda ya sha jin labarin sanyin Amurka zai yi mamakin wurin nan. Da asuba akwai ɗari kamar na Jos a lokacin hunturu, amma kafin hantsi rana ta buɗe, mutane sun tuɓe rigunan sanyi. Ga itatuwan lemo ɗauke da 'ya'ya a bayan gidaje, ga dogayen itatuwa masu kama da giginya a jere a bakin titi. Arewa da gari duwatsun San Gabriyel sun tsaya kamar ganuwa.

A makon nan garin ya rabu biyu bisa ga launin tufafi. Duk inda muka bi, ko a titin Colorado wanda shi ne babban titin garin, ko a kantuna, sai mu ga waɗansu sanye da shuɗi da rawaya, waɗansu kuwa da ja da fari. Masu shuɗi mutanen Jami'ar Mishigan ne daga arewa, masu ja mutanen Jami'ar Alabama ne daga kudu. Tsofaffi da jikokinsu, miji da mata, sun yi tafiyar wajen kilomita 3,000 domin su ga yaran makarantarsu suna wasa na yamma guda.

Yadda Aka Soma

Yanayin wurin ne ya haifi bikin. Waɗanda suka kafa garin baƙi ne daga gabas da tsakiyar ƙasar, inda ƙanƙara ta ke rufe ƙasa watanni. A 1890 'yan wata ƙungiya mai suna Valley Hunt Club suka so su nuna wa 'yan'uwansu na gida cewa a nan fure yana buɗewa a tsakiyar sanyi. Suka yi wa kekunan doki ado da furanni, suka yi jerin gwano, sa'an nan aka yi tsere da wasanni. A 1893 ranar 1 ga Janairu ta faɗo ran Lahadi. Masu biki suka ji tsoron kada hayaniya ta firgita dawakan da aka ɗaure a ƙofar majami'u, ta dami masu sujada, sai suka ɗaga bikin zuwa Litinin. Dawakan sun tafi tuntuni, amma dokar tana nan har wa yau. In sabuwar shekara ta faɗo Lahadi, sai ran 2 ga wata.

A 1902 aka ƙara wasan ƙwallo. Aka gayyato Mishigan ta kara da Jami'ar Stanford ta nan Kalifoniya. Mishigan ta ci 49, Stanford ba ko ɗaya, har da sauran minti takwas a tashi 'yan Stanford suka ce a bar shi haka. Masu biki suka ga wasan bai yi armashi ba, suka ajiye shi. Shekara da shekaru sai tseren kekunan doki a ke yi, a 1913 har aka yi tseren jiminu, aka kuma gwada raƙumi da giwa, giwa ta ci. Sai a 1916 ƙwallo ya komo, bai kuwa sake fita ba.

Akushin Kansa

Da jama'a suka yi yawa, a 1922 aka gina babban fili a wani kwari yamma da gari. Sunan kwarin Arroyo Seco, wato busasshen rafi da harshen Sifaniya. Filin zagayayye ne mai zurfi, wuraren zama sun kewaye shi hawa bisa hawa, kamar wani ƙaton akushi da aka kafa a ƙasa. Don haka aka sa masa suna Rose Bowl, wato Akushin Wardi, aka yi wasan sabuwar shekara na fari a cikinsa ran 1 ga Janairu 1923. Daga nan ne sauran manyan wasannin ƙarshen shekara suka ari sunan. Akwai Akushin Lemo a Fulorida, da Akushin Sukari a Luwiziyana, da Akushin Auduga a Teksas. Amma na Pasadena shi ne kakansu duka, haka kuwa Amurkawa su ke yi masa kirari. Sau biyu kaɗai wasan ya bar garin tun daga 1916. A 1942 aka kai shi Karolina ta Arewa don tsoron harin Japan, a 2021 aka kai shi Teksas saboda annobar korona.

Waɗansu masu karatu sun taɓa ganin filin nan a talabijin ko da ba su riƙe sunansa ba. A nan ne Kamaru ta yi 2 da 2 da Suwidin a gasar cin kofin duniya ta 1994, a nan ne kuma Barazil ta ci Italiya a wasan ƙarshe da bugun fanareti. A 1999 'yan matan Nijeriya suka ci Koriya ta Arewa 2 da 1 a kan ciyawar nan. Amma ƙwallon da a ke yi ran sabuwar shekara wani iri ne dabam, tilas mu tsaya mu bayyana shi.

Wasan Da A Ke Yi Da Hannu

Ƙwallon dogo ne mai tsini biyu, kamar ƙwallon dabino, an fi kuwa riƙe shi da hannu. Kowane gefe mutum 11 ne a fili, sanye da hular kwano da matashi a kafaɗa. Tsawon fili yadi 100, a kowane ƙarshe akwai wani yanki na yadi 10, shi ne gidan ƙungiya. Masu riƙe da ƙwallo suna da dama huɗu su ci gaba yadi 10. In sun ci, a sake ba su huɗu. In sun kasa, ƙwallo ya koma hannun abokan karawa. Saboda haka sau da yawa in an zo dama ta huɗu, sai a buga ƙwallon sama can nesa, domin waɗancan su soma daga baya. Wanda ya shiga gidan abokan karawa da ƙwallo a hannu ya ci maki 6, sa'an nan a buga da ƙafa tsakanin sanduna biyu a ƙara 1. In an matso kusa amma an kasa shiga, ana iya bugawa tsakanin sandunan a sami 3. Wasan kashi huɗu ne, kowanne minti 15, amma da tsaye-tsaye yakan wuce sa'a uku.

Kowane hari da abu guda ya ke somawa. Ƙatta biyar su sunkuya a jere, bari mu kira su 'yan bango. Na tsakiyarsu ya dafa ƙwallo a ƙasa, ya turo shi ta tsakanin ƙafafunsa zuwa ga wanda ke tsaye a bayansa. Wannan na baya shi ne madugu. Shi ke jefa ƙwallo ga masu gudu a gaba, ko ya danƙa wa wani ya kutsa da shi, ko shi kansa ya ruga. Sunan madugu ne a bakin kowa, hotonsa ne a jaridu. Mai miƙo masa ƙwallon kuwa yakan yi aikin nan sau 60 ko 70 a wasa guda, ba wanda ya ke tafa masa. Mu riƙe shi a zuciya, gama za mu sake gamuwa da shi.

A shekarar da mu ke magana, ƙungiyoyi huɗu aka zaɓa su nemi kofin ƙasa. Wanda ya ci a Pasadena zai tafi wasan ƙarshe, wanda aka ci kuwa ya koma gida.

Mutanen Arewa

Jami'ar Mishigan tana garin Ann Arbor, kusa da iyakar Kanada, ƙasar tafkuna da sanyi mai tsanani. An kafa ta a 1817. Filinta yana ɗaukar mutum 107,601, ba wanda ya kai shi girma a Amurka. A watan Nuwamba 2023 ta zama jami'a ta fari da ta ci wasa 1,000 a tarihinta. Ta zo Pasadena da wasa 13, ta cinye duka, ita ce ta ɗaya a ƙasar.

Halin ƙungiyar irin na manomi ne mai bin kunya ɗaya bayan ɗaya. Ba ta gaggawa, ba ta yawan kuskure. Masu tsaronta ba su bar abokan karawa sun ci ko maki 10 a wasa guda ba in an raba bisa lissafi, ba kuwa wata ƙungiya da ta yi haka a shekarar. Sa'ad da suka je Penn State, suka kutsa da ƙwallo a hannu sau 32 a jere, suka ci 24 da 15. Mai kutsawar, Blake Corum, gajere ne kakkaura. Ya ji ciwo a gwiwa a 2022, ya warke, ya ƙi tafiya wasan kuɗi, ya komo makaranta shekara guda don neman kofin nan. Kafin Pasadena ya shiga gidan abokan karawa da gudu sau 24. Madugunsu J.J. McCarthy ne.

Amma akwai nauyi biyu a kansu. Na fari, mai horad da su, Jim Harbaugh, wanda shi ma ya yi madugun Mishigan, aka ci shi a filin nan a 1987, ya sha kashi a wasannin ƙarshen shekara shida a jere. Na biyu ya fi muni. A wasan nan masu horarwa sukan yi wa yaransu alama da hannu daga gefen fili, doka kuwa ta hana a aika mutum ya je wasan abokan karawa tun da wuri ya ɗauko alamunsu. A watan Oktoba aka zargi wani ma'aikacin Mishigan da yin haka. Aka hana Harbaugh tsayawa gefen fili a wasa uku a jere, bayan wasa uku na fari da jami'ar da kanta ta dakatad da shi kan wata magana dabam. Yaran suka ci duka shida ba tare da shi ba. Duk da haka ana ta cewa da satar alama suka kai inda su ke. Sun zo Pasadena da bukatar su ci babbar ƙungiya a gaban kowa, bayan asiri ya tonu, kowa ya sake alamunsa.

Mutanen Kudu

Jami'ar Alabama tana garin Tuscaloosa, ƙasar zafi da jar ƙasa, inda dā auduga ce arziki. An buɗe ta a 1831, alamar ƙungiyarta giwa ce. A Pasadena sunanta ya fara fita. Ran 1 ga Janairu 1926 ta zo ta ci Washinton 20 da 19, a zamanin da a ke yi wa mutanen kudu kallon koma-baya tun yaƙin basasarsu. Tun daga ranar ƙwallo ya zama abin alfarmar jihar. Akwai kuma wani tarihi mai ɗaci. A 1963 gwamnan jihar, George Wallace, ya tsaya a bakin ƙofa don ya hana ɗalibai biyu baƙar fata shiga jami'ar, sai a 1971 baƙar fata ya fara yi mata wasa. Ƙungiyar da muka gani a 2023 mafi yawanta baƙar fata ne, har da madugunta, Jalen Milroe.

Mai horad da su Nick Saban ne, dattijo mai shekara 72. Ya ci kofin ƙasa sau bakwai, shida daga ciki da Alabama, ba mai horarwa da ya kai haka. Amma shekarar ta soma masa da tuntuɓe. A watan Satumba Teksas ta zo har gida ta ci su 34 da 24. Aka zaunad da Milroe wasa guda, waɗanda aka gwada a madadinsa ba su yi abin kirki ba, aka mai da shi. Daga nan yaron ya kama hanya. Yana da ƙarfin hannu na jifa mai nisa, yana kuwa gudu kamar barewa. A wasansu da LSU ya ruga yadi 155, ya shiga gida sau huɗu da ƙafarsa. A garin Auburn, da saura ƙasa da minti guda, ana binsu, dama ta huɗu, yadi 31 tsakaninsu da gida, ya jefa ƙwallo can kusurwa aka cafe, suka ci 27 da 24. Mako na gaba suka ci Jojiya, wadda ta yi wasa 29 a jere ba a ci ta ba.

Su ma da nasu nauyin. Sa'ad da kwamiti ya zaɓi ƙungiyoyi huɗu, ya ɗauki Alabama wadda aka ci sau ɗaya, ya bar Florida State wadda ta cinye wasanta 13, domin madugunta ya karye a ƙafa. Mutane da yawa suka ce an yi rashin adalci, an bi suna. Alabama ta zo da bukatar ta nuna kujerar nan ba kyauta aka ba ta ba.

Yadda Aka Auna Su

Kamar yadda a ke gardama a kan 'yan dambe biyu tun ba su shiga fage ba, haka garin ya cika da musu. A gidajen abinci, a rediyo, a jaridu, tambaya uku a ke ta juyawa.

Ta fari, ko masu tsaron Mishigan za su iya tare Milroe? Mutanen Alabama suka ce Mishigan ba ta taɓa gamuwa da madugu mai gudu irinsa ba a shekarar. Mutanen Mishigan suka amsa cewa 'yan bangon Alabama ƙatta ne, kowanne wajen kilo 150, amma girma ba sauri, gama an kutsa ta cikinsu an ka da madugunsu fiye da sau 40.

Ta biyu, in Alabama ta toshe wa Corum hanya, me Mishigan za ta yi? Gwanin 'yan bangonta, Zak Zinter, ya karye a wasan Ohio State. McCarthy kuwa a wasa biyar na baya sau ɗaya tak ya jefa ƙwallon da aka shiga gida da shi. Ga shi Alabama tana da masu tsaron baya biyu, Terrion Arnold da Kool-Aid McKinstry, waɗanda a ke lissafa su cikin gwanayen ƙasar.

Ta uku ita ce ta dattawan biyu. Saban ya ci wasan kusa da na ƙarshe sau shida a jere. Harbaugh ya kai nan a 2021 da 2022, an kore shi duka biyu. Aka ce in ka ba Saban wata guda ya yi shiri, ka gama yawo. Masu lissafi suka ce tazarar ba ta wuce maki biyu ba, Mishigan ce a gaba kaɗan, amma masu sharhi da yawa Alabama suka zaɓa.

Mai masaukinmu ya saurari wannan duka, bai ce ƙarya ba ne. Amma ya ce mana akwai abin da ba a sa a ma'auni ba. Yaran nan 'yan shekara 18 zuwa 23 ne, rabonsu da wasa tun 2 ga Disamba. A makon nan an kai su wurin shaƙatawa na Disneyland, an kai su gidan abinci na Lawry's inda tun 1956 a ke cika ƙungiyoyin biyu da naman sa. Wata guda ba wasa, ƙarfi yana nan, amma hannu yakan yi sanyi. Ya ce mu bar kallon madugu, mu dubi hannun da ke miƙo masa, da hannun da ke cafe ƙwallon da aka buga sama. Ya tuna mana cewa jifan nan na Auburn da kowa ke yabo, abin da ya jawo yadi 31 ɗin tun fari shi ne an miƙo ƙwallo madugu bai shirya ba, ya wuce shi, aka yi hasarar yadi 18. An tuna da jifan, an manta da miƙon.

Ranar Wanka

Tun ran 31 ga Disamba mutane suka shimfiɗa barguna a bakin titin Colorado, suka kwana a waje don su sami wuri. Da ƙarfe takwas na safiyar Litinin jerin gwano ya tashi, tafiyar kusan kilomita 9. Ga mahaya dawakai, ga makaɗan jami'o'in biyu, ga manyan motocin ado, waɗansu sun fi soro tsawo. Dokar biki ta ce kada a bar ko taƙi guda na motar a buɗe, tilas a rufe ta da abin da ƙasa ta tsiro, fure ko ganye ko iri ko ɓawon itace.

Da rana muka gangara kwari da ƙafa tare da taron. Ana shiga filin ta waɗansu ƙananan ramuka masu duhu, sai mutum ya fito kwatsam ya ga ciyawa kore shar a ƙasa, mutum fiye da 96,000 a kewaye, rabi shuɗi rabi ja, ga duwatsu a bisa kansu. Aka soma bayan ƙarfe biyu kaɗan, wato bayan sha ɗaya na dare a Nijeriya.

Ba a daɗe ba maganar dattijon ta fito. Alabama ta buga ƙwallo sama, yaron Mishigan ya zo cafewa ya suɓuce masa, Alabama ta ɗauka, ta ci 7. Mishigan ta rama, ta sake shiga gida, amma wajen bugun ƙarin maki 1 miƙon ya lalace, makin ya tafi. A wancan gefe kuwa masu tsaron Mishigan suka ka da Milroe sau biyar kafin hutu. Aka tafi hutu 13 da 10. Da aka komo Alabama ta kama tafiya mai kyau, sai miƙo ya ɓaci sau biyu, tafiyar ta mutu.

Wajen ƙarshen kashi na uku rana ta sunkuya, duwatsun San Gabriyel suka rine ja-ja, mutane suka ɗaga kai suna kallo. A kashi na huɗu Alabama ta wuce gaba, 20 da 13, saura minti huɗu da 'yan daƙiƙu. Mishigan ta tashi daga yadi 75. A dama ta huɗu McCarthy ya jefa wa Corum, suka tsira, suka yi ta matsawa har Roman Wilson ya shiga gida da saura minti ɗaya da rabi. Aka yi 20 da 20. Da a ce makin nan guda bai tafi ba, da Mishigan ta riga ta wuce gaba. Dab da tashi kuma wani yaron Mishigan ya sake sakin ƙwallon sama a bakin gidansu, da ƙyar ya faɗa a kansa.

Aka shiga ƙarin lokaci, inda a ke ba kowane gefe ƙwallo yadi 25 daga gida. Corum ya kutsa sau biyu ya shiga, 27 da 20. Alabama ta matso har saura yadi 3, dama ta huɗu. Wasa 14, da shirin wata guda, da musun gari duka, suka taru a kan miƙo ɗaya. Ƙwallon ya zo ƙasa-ƙasa. Milroe ya sunkuya ya kama, ya ruga tsakiya, ya iske bango, aka ka da shi. Ɗan hakin da aka raina shi ya tsone ido. Ba mu ga dalilin ɗora wa yaro ɗaya laifi ba, gama gefen biyu duka sun yi irin kuskuren nan, na Alabama ne kawai ya zo a ƙarshe, lokacin da ba sauran damar gyara.

Bayan An Watse

Ran 8 ga Janairu 2024 Mishigan ta ci Washinton 34 da 13 a birnin Houston, ta ɗauki kofin ƙasa, na fari tun 1997. Ran 10 ga wata Saban ya ce ya huta, ashe wasansa na ƙarshe muka gani. Kafin watan ya ƙare Harbaugh ya koma horad da ƙungiyar Chargers ta masu wasan kuɗi. Maganar satar alama ba ta mutu ba. A watan Agusta 2025 hukumar wasannin jami'o'i ta ci Mishigan tara mai nauyi, ta kuma hukunta Harbaugh, amma ba ta karɓe kofin ba. Wasan kansa ya sake. Daga kakar 2024 aka ƙara yawan masu neman kofi daga huɗu zuwa 12, tsohuwar yarjejeniyar 1947 wadda ta ke haɗa zakaran tsakiyar ƙasa da zakaran yamma a Pasadena ta wuce.

Malamai 'yan'uwanmu masu koya wa yara wasa sun san yadda a ke fama. Kowane yaro so ya ke ya zama mai cin ƙwallo, ba mai son ya tsaya yana maimaita tarewa da miƙawa har hannu da ƙafa su saba. In sun yi gunaguni, a ba su labarin yadi ukun nan.

Kashegarin wasa, kafin mu bar garin, muka je gabashin Pasadena inda a ke jera motocin ado domin jama'a su gan su kurkusa. Daga nesa mun ɗauka fenti ne. Da muka matso sai muka ga wake da shinkafa da irin albasa an manna su da gam, waɗansu ƙwaya ɗaya ɗaya. Kowane furen wardi kuwa yana cikin 'yar kwalbarsa ta ruwa, dubbai a mota guda. Masu aikin sa kai ne suka yi kwanaki suna soka su da hannu, yara 'yan makaranta da tsofaffi, ba a kuwa rubuta sunan ko ɗayansu a jikin motar ba.